Wane girman haruffa ya dace da bayan agogon Baba?

Wata 'yar'uwa daga nan Jos ta aiko da tambaya. Mahaifinta zai yi ritaya bayan shekara 35 yana aikin gwamnati, ita da ƙannenta suka haɗa kuɗi suka saya masa agogon hannu mai murfin ƙarfe a baya, suna son a zana masa saƙo a jiki. Da ta kai wa mai injin sai ya tambaye ta lamba nawa zai sa wa rubutun, 8 ko 10 ko 12, ta rasa ta cewa, ta dawo da agogon gida. Ga saƙon da suka shirya, ban da sunan Baba da muƙaminsa da suke son a ɗora a sama: "Ga mahaifinmu abin ƙaunarmu, muna taya ka murnar kammala shekara 35 kana bautar ƙasa. Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana. Daga 'ya'yanka da jikokinka."

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah Ya yi muku albarka ke da ƙannenki, Ya sa Baba ya ci moriyar hutunsa cikin ƙoshin lafiya. Kin yi daidai da kika dawo da agogon ba tare da kin faɗi lamba ba, domin rubutun da aka ci ƙarfe da shi ba a goge shi da tsumma.

Bari in fara da lambar nan da aka tambaye ki, don ita ce ke ruɗa mutane. Wannan 10 ko 12 da kwamfuta ke nunawa ma'aunin 'yan ɗab'i ne da ake kira foyin. Foyin ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin 72 na inci, inci kuma milimita 25.4 ne, ke nan foyin ɗaya yana kusa da milimita 0.35. Idan aka ce miki 12, tsayin da ake nufi ya ɗan haura milimita 4. Amma ba tsayin harafin da idonki zai gani ba ne. An gaji ma'aunin ne daga tsohuwar maɗaba'a, lokacin da kowane harafi ke zaune a kan ɗan guntun dalma ana jera su ɗaya bayan ɗaya, kuma guntun ake aunawa, wanda dole ya ɗauki doguwar sandar "l" a sama da jelar "g" a ƙasa. Saboda haka babban baƙi a lamba 12 yakan tsaya ne wajen milimita 3, ƙananan baƙaƙe irin su "a" da "n" kuma wajen milimita 2. Kuma salon rubutu biyu za su iya zama duk a 12, ɗaya ya fito ɓaro-ɓaro, ɗayan ya fito kamar sawun tururuwa. Don haka mu a shago da rula muke magana. Abin da za ki faɗa wa mai injin shi ne: ina son tsayin babban baƙi ya zama milimita kaza. Wannan ba ya canzawa daga kwamfuta zuwa kwamfuta.

To milimita nawa? Abubuwa uku ke yanke hukunci, kuma babu zaɓin mai kyauta a cikinsu: idon wanda za a ba, nisan da zai riƙa kallon abin, da jikin abin da za a yi rubutun a kai.

Na nisa shi ne mafi sauƙin lissafi. Ƙa'idar da muke aiki da ita, kuma masu rubuta allunan kan hanya ma suna da irinta, ita ce a raba nisan ido da rubutu gida 200, abin da ya fita shi ne mafi ƙanƙantar tsayin da za a karanta ba tare da wahala ba. Mutum yakan riƙe agogo wajen santimita 35 daga fuskarsa, wato milimita 350. A raba gida 200, a sami 1.75. Allon karramawa da za a rataye a bangon falo, ana hangensa daga kujera mai nisan mita 3, sunan da ke kai yana buƙatar milimita 15. Wannan lissafi na mai lafiyar ido ne da haske mai kyau. Baba kuwa, tunda ya yi shekara 35 a bakin aiki, ya kai ko ya doshi 60, kuma sananne ne cewa daga shekara 40 da ɗoriya ido yakan fara kasa ganin abu na kusa. Shi ya sa kike ganin dattawa suna miƙa hannu nesa da takarda kafin su karanta. Ga irinsa ba na sauka ƙasa da milimita 2 a babban baƙi, in ma fili ya bari nakan kai 2.5.

Yanzu ki ɗauko agogon da rula ki juya bayansa. Za ki tarar kamfanin da ya ƙera shi ya riga ya yi nasa rubutun a zagaye, sunansa, lambar agogon, da bayanin zurfin ruwan da yake jurewa. Wannan ba a taɓa shi, musamman lambar, don da ita ake gane agogon in za a gyara ko in ya ɓace. Filin da ya rage a tsakiya shi ne naki. A agogon maza matsakaici yakan kai milimita 22 zuwa 26 daga gefe zuwa gefe. Mu ɗauka naki 24 ne. Ki bar milimita 2 a kowane gefe fanko, saboda rubutun da ya manne da baki yana kama da wanda aka cusa da ƙarfi. Ya rage 20. Kuma tunda da'ira ce, layin sama da na ƙasa sun fi na tsakiya gajarta. A tsayin milimita 2, harafi ɗaya tare da 'yar tazararsa yakan ci wajen milimita 1.4 a faɗi, layi kuma da sararin da ke ƙarƙashinsa yakan ci 3 da rabi. Abin da filin zai ɗauka ke nan layi huɗu, kowanne da harafi 11 zuwa 14. A dunƙule, kamar harafi 50.

Na ƙirga saƙonku. Kalma 25 ne, harafi kusan 150 in an haɗa da tazara, kuma ba a sa sunan Baba da muƙaminsa ba tukuna. Ya ninka abin da filin zai ɗauka har sau uku. Injin leza na zamani, mai zana rubutu da siririn haske mai zafi, zai iya cusa shi duka, kuma mai injin da yake son ya sallame ki zai ce miki ai zai shiga. Gaskiya ne zai shiga, amma a tsayin milimita ɗaya da ɗan wani abu, ƙananan baƙaƙen kuma ba za su ma kai milimita ɗaya ba.

Na taɓa yin irin wannan aikin da hannuna, shi ya sa nake nanata maganar. Shekarun baya, ina sabon samun injin, wani matashi ya kawo agogon mahaifinsa da saƙo mai layi bakwai. Na matse haruffan suka shiga tsaf, na duba da madubin ƙara girma na ga kowane harafi ya fita, na ji daɗin aikina. Bayan kamar mako biyu sai ga dattijon da kansa ya biyo ta shagon, wai a rage masa tsawon sarƙar agogon. Lokacin hunturu ne, ya sha babbar riga da rawani saboda sanyin Jos. Da na miƙa masa agogon sai ya fita bakin ƙofa inda rana take, ya juya bayan, ya sa tabarau, ya karkata shi hagu, ya karkata dama, ya matso da shi, ya nisanta. Can ya dawo ya ce, "Ɗana, karanta mini abin da yaran nan suka rubuta. Jikata ta karanta mini sau ɗaya, na manta ƙarshen." Na karanta masa, ya ce amin, ya ɗaura ya tafi. Bai yi ƙorafi ba ko kaɗan, amma ni abin ya tsaya mini a rai har yau. 'Ya'yansa sun yi masa addu'a a wurin da yake taɓa fatarsa kullum, ni kuma na rubuta ta yadda sai an karanta masa. Tun daga ranar, in saƙo ya fi fili, maganar nake ragewa, haruffan na bar su yadda ido zai gani.

Ga abin da zan sa da agogon a hannuna yake. Layin farko, "Baba", da ɗan girma, milimita 3. Na biyu, "Allah Ya ƙara". Na uku, "nisan kwana". Na huɗu, shekarar da ya kama aiki da shekarar da ya ajiye, misali 1990 – 2025 in haka ne nasa. Layi uku na ƙasa a milimita 2. Cikakken sunansa ba ya buƙatar shiga, ai ya san sunansa, kuma a duniya ku kaɗai ke kiransa Baba da wannan ma'anar. "Daga 'ya'yanka" ma ana iya barinsa, ba zai manta wanda ya ba shi ba. In kuma zuciyarku ba ta yarda a cire shi ba, to a cire shekarun a sa shi a gurbinsu, amma a gwada, domin harafi 14 ne kuma layin ƙasa gajere ne. Gajeren rubutu a ƙaramin abu ba rowa ba ce. Ya tabbata a hadisin Anas ɗan Malik da Bukhari ya ruwaito cewa zoben azurfa na Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kalma uku ne a jikinsa, a layi uku: Muhammad a layi, Rasul a layi, Allah a layi.

Tunda sunan Allah zai shiga saƙonku, ki tuna cewa agogo abu ne da ake shiga ko'ina da shi, har bayan gida. Wasu iyayen ba sa son haka sam. Ku da kuka san Baba ku za ku auna, ko ku tambayi malami. In yana cikin masu kiyaye wannan, "Muna alfahari da kai" ko "Mun gode, Baba" sun wadatar, addu'ar kuma a kai ta wani wurin da zan faɗa nan gaba.

Akwai wani abu da ya shafi mu masu rubutu da Hausa wanda jadawalin girman haruffa da ke zuwa da injina bai san da shi ba, wato ƙugiya. Abin da ya raba ƙ da k, ɗ da d, ɓ da b, wata 'yar lanƙwasa ce a saman harafi wadda ba ta kai kashi ɗaya cikin huɗu na tsayinsa ba. A harafi mai milimita 2, ƙugiyar ba ta fi rabin milimita ba. A sauko zuwa milimita ɗaya, sai ta zama ɗigon da ido ba ya rabewa da ƙurar ƙarfe. A saƙonku kaɗai akwai "ƙaunarmu", "ƙasa" da "ƙara". In ƙugiya ta ɓace, "ƙara" ya koma kara na gona, "bautar ƙasa" ya koma bautar kasa, macijiya. Mai karatu zai gane manufar, amma kyauta ce ta girmamawa, bai kamata a bar mata wannan ba. Haka alamar da ke gaban "y" a "'ya'yanka", ita ma ƙarama ce, kuma sau biyu ta fito. Don haka rubutun Hausa yana son a ɗan ƙara masa girma a kan wanda za a ba Turanci a fili iri ɗaya. Sannan ba kowane salon rubutu ne ke da waɗannan haruffa ba. Wani in an buga ƙ sai ya fitar da ɗan akwati fanko, wani kuma kwamfutar ta aro harafin daga wani salon daban, sai ki ga ƙ ɗin ta fi 'yan'uwanta kauri ko ta karkace ita kaɗai. Ki tsaya a gaban allon kwamfutar a ƙara girman hoton, ki bi kowace ƙugiya da idonki.

In da Larabci ko Ajami kuke so, abin ya fi haka tsanani, don a can ɗigo ne ke raba ba da ta da sa da nun da ya. Ɗigo biyu da suka matsu da juna a ƙarfe sukan haɗe su zama ɗaya, harafin ya sauya. Ga kuma wasulla a sama da ƙasa in ana son a sa. Ni ba na yin alif da ya gaza milimita 3 a ƙarfe, in da wasulla kuma 4. Ki kuma tambayi kanki wane rubutu Baba ya saba da shi. Wanda ya yi karatun allo da rubutun Warshu ya san fa da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama, alhali salon da ke cikin yawancin kwamfutoci na gabas ne, fa ɗigo ɗaya a sama, ƙaf biyu.

Salon rubutun kansa yana ci ko ya ba da girma. Mutane suna son mai lanƙwashe-lanƙwashen nan irin na katin biki, kuma yana da kyau a kati. A bayan agogo siraran layukansa sukan ɓace, cikin "a" da "e" da "o" ya toshe. In dole sai shi, a yi kalma ɗaya da shi, "Baba" ɗin nan ta sama, sauran a yi su da miƙaƙƙen salo marar ado wanda kaurin layinsa ɗaya ne ko'ina. Kada kuma a yarda a yi mai lanƙwasa da manyan baƙaƙe zalla, ba ya karantuwa ko da a allon talla ne.

Saura jikin abin. Murfin agogonku ƙarfen nan ne da ba ya tsatsa, kuma shi ne ya fi kowane abu karɓar ƙaramin rubutu, amma ya danganta da injin. Akwai mai allurar lu'ulu'u da ke jan layi a jikin ƙarfe. Aikinsa yana da ƙyalli da martaba, sai dai rubutun launinsa ɗaya da ƙarfen, ba a ganinsa sosai sai an karkata shi ga haske. Akwai kuma leza ta ƙarfe, wadda ake kira faiba, mai iya barin rubutu baƙi ko ruwan toka a kan farin ƙarfe. Milimita 2 baƙi a kan fari ya fi milimita 2.5 fari a kan fari saurin karantuwa. Ga idon dattijo na fi son baƙin. Ki tambaya wane injin gare shi, domin lezar da aka fi samu a shagunan buga kati da allunan yabo ta katako ce da roba da fata da gilashi, ba ta cin tsiraren ƙarfe sai an shafa masa wani magani. In murfin mai ruwan zinare ne, ki sani rubutu mai zurfi zai huda ruwan ya fito da ƙarfen ƙasa. In kuma aka ce sai an cire murfin kafin a yi aikin, to mai gyaran agogo ya cire ya mayar, saboda zoben robar da ke hana ruwa shiga, ga Baba kuma mai alwala sau biyar a rana.

Duk wannan lissafi yana tsayawa ne a kan gwaji ɗaya wanda kuɗinsa bai fi na buga shafi guda ba. Ki sa a buga rubutun a takarda daidai girman da zai fito, a tabbatar na'urar ba ta ƙara ko rage shi don ya cika shafi ba, ki ɗora rula ki ga babban baƙin milimita 2 ne da gaske. A buga uku: 1.8, 2 da 2.5. Ki yanke kowanne a da'ira, ki manna a bayan agogon da salatif. Kada ke ki yi alƙalancin, idonki na ƙuruciya ne kuma kin riga kin haddace saƙon. Ki kai wa wani sa'an Baba, baffanku ko kawunku ko maƙwabci, a cikin ɗaki da yamma, ba a tsakar rana ba, ki ce ya karanta da ƙarfi. In ya karanta kai tsaye, girman ya yi. In ya fara neman taga, ko ya yi shiru yana ƙanƙance ido, a hau na gaba. Ki kuma tuna baƙin tawada a farar takarda ya fi rubutun ƙarfe fitowa, don haka wanda ya tsallake da ƙyar a takarda zai faɗi a ƙarfe. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Bayan nan, mai injin da ya san aikinsa ba zai ƙi ya fara gwadawa a kan wani guntun ƙarfe ba kafin ya ɗora agogon, kuma ki sa hannu a kan takardar ƙarshe bayan kin karanta ta harafi-harafi, har da shekarun.

Sauran maganar da aka cire kuma ba asara za a yi ba, kuma ban so ku jefar da ita, saƙo ne mai kyau. A sama mata wurin da zai ɗauke ta. Cikin murfin akwatin agogon akwai fili, ana iya manna ɗan farantin tagulla mai faɗin santimita 7 da tsayin 4, ya ɗauki saƙon gaba ɗaya a milimita 2.5 zuwa 3 tare da cikakken suna da muƙami. Ko a yi masa allon katako na bango, sunansa a milimita 15, jikin saƙon a 7 ko 8, domin wanda zai karanta dogon saƙo yakan matso. Amma katako ba ƙarfe ba ne: leza ƙona shi take yi, ƙunar tana ɗan bazuwa, jijiyar itacen kuma tana cinye siraran layuka, don haka ba na sauka ƙasa da milimita 4 a kansa. Haka fata, in kun yi sha'awar ɗinka wa agogon jaka wurin dukawan Naraguta ta nan Jos: milimita 5 zuwa sama, da salo mai kauri, kuma a gwada a guntun fatar tukuna domin kowace jima da yadda take karɓar wuta. Gilashi ma haka, fasa shi leza take yi ƙanana-ƙanana, shi ya sa bakin harafin ba ya fita sumul.

In kuma wani cikin ƙannenki ya ce a haɗa masa da filas ɗin shayi, wanda a garin nan ba ƙaramar kyauta ba ce, to a can matsalar faɗi ce. Filas mai kaurin santimita 7 zagayensa kusan santimita 22 ne, amma abin da ido ke gani sosai ba tare da an juya shi ba bai fi kashi ɗaya cikin uku ba. Layin ya tsaya a santimita 6, haruffan milimita 8 zuwa 10, ko kuma a kwantar da sunan a bi tsawon filas ɗin daga ƙasa zuwa sama. Ki aiko mini da awon filin da kika samu a bayan agogon da hoton murfin, in duba ko layi huɗun nan za su zauna ko sai an koma uku.